Mai Keke Ta Kama Sitiyari

Ranar da bas ta daina shigowa garin, Mai Keke tana bakin shagonta tana sa wa wata riga maɓalli. Tela ce, ta haura sittin, kuma a wannan shagon ta tsufa a kan keken ɗinki. Direban bai ko kashe mota ba. Ya leƙo ta taga ya ce kamfani ya soke hanyar, fasinja sun yi kaɗan, ya ja ya tafi.

Ba yau aka fara ba. Masaƙar bakin gari ta rufe, matasa suka bi aiki birni. Aka ɗauke ma'aikaciyar jinya, aka danna wa ɗakin shan magani kwaɗo. Rabin ƙofofin layinsu a garƙame suke, ciyawa ta kai taga.

Ƙarshen mako babban ɗanta ya iso daga birni da kwalaye a bayan mota.

"Inna, an gyara miki ɗaki, har da banɗakinki a ciki. Me ya rage a nan? Idan ciwo ya kama ki, wa zai kai ki asibiti?"

"Su sauran da ke layin fa? Su ma ka gyara musu ɗaki?"

"Inna, garin nan ya mutu."

"Ka ga gawa? Ni ce gawar?" Ta ture kwalin da ke gabanta da ƙafa. "Kwashe kayanka. Na ga yadda aka kai ƙawata wurin 'yarta, hawa na sama, tana leƙen titi ta taga kamar aku. Ba da ni ba."

Ya tafi ransa a ɓace. Ita ma ranta bai yi daɗi ba, don ta san tsoro ne ya kawo shi, ba raini ba. Kuma tambayarsa ta tsaya mata a rai: wa zai kai su asibiti?

A tsakar gidan akwai tsohuwar motar marigayi mijinta, wadda yake jigilar zare da ita, an lulluɓe ta da tamfol, kaji sun mai da kujerar baya wurin ƙwai. Ta yaye tamfol ɗin, ta daɗe tana kallonta, sannan ta nufi garejin ƙanin mijinta, Bakanike. Ta same shi yana gyangyaɗi a kan taya.

"Tashi, sarkin barci. Motar yayanka za ka tayar mini."

"Matar yaya, wa zai tuƙa? Ni idona ya tafi, kin sani."

"Ni."

Ya yi dariya har da tari. "Mota ba keken ɗinki ba ce!"

"Ba da ƙafa ake takawa ba? Tun ba ka yi gemu ba nake taka feda."

Ya sauke injin, ya canja batir da tayoyi, ya yi ta tsine wa ɓerayen da suka cinye wayoyi. Da motar ta tashi, hayaƙinta sai da ya kori kajin unguwa. A filin masaƙar ya koya mata. Ta tuge ƙyauren filin, ta ɓare fitila ɗaya, shi kuwa yana gefe yana salati. Gwajin lasisi na farko ta faɗi, saboda komawa da baya. Ta dawo gida ta yi kuka a bayan shago inda ba mai ganinta, washegari ta koma filin. A karo na biyu ta ci.

Tafiyar farko motar ta cika: maƙwabcinta mai ciwon suga, wata mai juna biyu da za ta awo, da mata masu kwandunan kayan lambu da suka gaji da zubar da abin da ya ruɓe. A tsakiyar hawan tudu motar ta mutu. Kowa ya zuba mata ido.

"Me kuke kallo?" in ji Mai Keke. "Mai ciki ta zauna. Sauran ku sauka ku tura."

Tsofaffi suka sauka suna nishi suna dariya, suka tura, ta saki kuloci, injin ya kama. Ihun da suka yi sai ka ce yara.

Garin bai cika ba. Ƙofofi da yawa suna nan a rufe. Amma kayan lambu sun koma isa kasuwa da ɗanyensu, kuma Mai Keke ta yi ta sintiri ofishin lafiya har suka gaji da ganin fuskarta, suka yarda ma'aikaciyar jinya ta riƙa zuwa ranar Laraba, muddin akwai mai ɗauko ta. 'Yar Bakanike ta baro ɗakin haya a birni da mijinta da yaransu, suka share gidan da ke kallon shagon, suka fara sayar da burodi ga masu jiran mota.

Damina ta zo ta farfashe titi. An kai kuka hukuma, aka ce a jira. Wata safiya fasinjoji suka tarar da shebur da diga a ƙarƙashin kujeru.

"Matar yaya, wannan kuma na mene ne?" in ji Bakanike.

"Duk mai sauran ƙarfi, idan mun zo rami, zai sauka ya cike."

"Wato mu tura, yanzu kuma mu haƙa?"

"Wanda bai so, ga hanya, ya taka."

Ba wanda ya sauka. Ta sa giya, suka nufi ramin farko.