Ɗan Makka Ba Ya Bankwana

"Oh ni Zubaidatu! Wai su ma nan talauci suke yi?"

Hajiya Zubaidatu ta gyara zama, ta ɗora tiren kuɓewa a cinya, ta zuba wa talabijin ido. Tun bayan azahar ake nuna wani shiri a kan Ailan, wata ƙasar Turawa da aka ce bankunanta sun durƙushe, aiki ya ƙare, matasa na ta ficewa ƙetare. Mai sharhi na bayani da Larabci, murya a sanyaye kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

"Kausar, zo ki ga ikon Allah! Gidaje ne reras, sababbi fil, wai an rasa masu shiga. Mu nan unguwar Hindawiyya a Makka muna cushe a ɗaki biyu, mukayyif maimakon sanyi na hura mana zafi, su kuwa gidaje ne suka yi musu yawa. Allah sarki, bayin Allah, ku yi haƙuri, jarrabawa ce."

Kausar, autarta, wadda Hausa ke yi wa nauyi a baki, ta leƙo daga kicin. "Haram, ya Ummi. Mutane ne fa."

"Na ce miki aljanu ne?"

Aka nuno filin jirgi, iyaye mata sun rurrungume 'ya'yansu suna sharɓar kuka. Hajiya ta taɓe baki. Kowane yaro da fasfonsa a hannu, ran da ya ga dama ya dawo, babu mai tare shi a ƙofa ya ce ina iƙamarka ta izinin zama, amma dubi yadda suke zubar da hawaye kamar an yi musu gobara. Ta ci gaba da yankan kuɓewarta da ƙarfi, ta ƙi kallon bakin ƙofa, domin a can akwatin Abdulhadi yake.

Abdulhadi shi ne ɗanta namiji tilo. A wannan ɗakin aka haife shi, a lungunan nan ya koyi tuƙin tasi, babu kwanar da bai sani ba daga Zahir har Muzdalifa. Sai ga shi bana hukuma ta ba marasa takardu wa'adi, ko su gyara ko su fita. Nata da na Kausar sun daidaita, nasa ya ƙi. Ya gaji da ɓuya, ya je ya dangwala yatsa ya karɓi takardar fita, yau zai tafi Haɗeja wurin kawunsa Lurwanu, garin da a bakinta kawai ya taɓa jin sunansa.

Ya fito cikin farar jallabiya, ya durƙusa a gabanta.

"Ummi, bayan la'asar zan yi ɗawafin bankwana, daga can sai motar Jidda. Ki tashi mu je tare."

"Bankwana?" Ta ɗago wuƙa. "Ka taɓa ganin ɗan Makka na bankwana da Ɗakin Allah? Wannan na baƙi ne. Tun ina budurwa nake sayar wa alhazai tsaraba, ina kallonsu suna fitowa ido jawur suna waiwaye. Yanzu kuma ni zan bi sahunsu, in raka ɗan da na haifa a nan, wai shi baƙo? Ka ga, miya ce a gabana."

"Ummi, in na gama ba zan dawo gida ba fa."

"To Allah ya kiyaye hanya."

Ta miƙa masa hannu idonta na kan talabijin. Ya sumbace shi, ya daɗe bai saki ba. Ita kuwa zuciyarta kamar ta fashe, amma ta riga ta ƙudurta cewa in ta ƙi zuwa, ba zai iya tafiya ba. Ai bai taɓa fita ko ƙofar unguwa tana fushi da shi ba. Ya miƙe, ya ɗauki akwati, Kausar ta zura abaya ta bi shi tana hararar mahaifiyarta. Ƙofa ta rufu.

Hajiya ta ƙara sautin talabijin. Yanzu wata dattijuwar Baturiya ce a kicin ɗinta, ɗanta ya tafi Ostareliya neman aiki. Ta buɗe kwamfuta, sai ga fuskar yaron, ita kuma ta kai hannu tana shafa gilashin.

"A'a'a! Shafa da kyau, baiwar Allah," in ji Hajiya, ko da yake babu mai sauraronta. "Ki ba shi abinci ma ta nan. Wannan shi ne a bar jaki a daki taiki."

Mai tambaya ya ce wa matar, yaya ta ji ranar rakiya? Matar ta ce ba ta je ba. Ta ce wa ɗan nata tana da wanki, don tana ganin in ba ta je ba kamar tafiyar ba ta tabbata ba. Ta ce har yau wankin nan take yi.

Wuƙar ta tsaya cak a hannun Hajiya.

"Mtsw! Shirmen banza," ta ce, ta fizgi rimot ta sauya tasha.

Sai ga Harami. Tashar nan ce da ba ta nuna komai dare da rana sai masu ɗawafi. An idar da la'asar ke nan, jama'a sun fara zagawa, ƙanana-ƙanana daga sama. Ta ture tiren gefe, ta ja jiki ta matsa. Ga wani dogo mai farar jallabiya. Ba shi ba ne. Ga wani mai tafiya da ɗan rangaji irin nasa, kafin ta tantance an ɗauke hoton an kai kan hasumiya.

"Kai mai ɗaukar hoton nan, Allah ya shirye ka! Wa ya ce maka gini muke nema? Koma ƙasa!"

Ta ce wa ranta, bari dai ta hango shi sau ɗaya, sai ta ɗauki abaya ta tari mota. Ta bi wannan da yatsa, ta bi wancan, duk farare ne, duk Abdulhadi ne, babu Abdulhadi. Ba ta san rana ta yi sanyi ba, ba ta san tana kuka ba.

Haka Kausar ta dawo ta same ta, gwiwa a ƙasa, tafin hannunta manne da gilashi.

"Motar ta tashi, Ummi. Har ya shiga yana duba hanya ko za ki ɓullo."

Hajiya ta janye hannu da sauri, ta goga a zani. "Ƙura nake sharewa. Ku ba ku iya gyaran ɗaki ba."

Kausar ta ajiye abayarta. Ta tsugunna tana tsince kuɓewar da ta watse.

Can Hajiya ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ke Kausar. Abin nan da Baturiyar nan take ganin ɗanta a ciki, akwai shi a wayarki?"