Wilin Motar Yaya Daudu

Halliru malamin gona ne a Gwiwa. A shekarar 1981 ya gaji motar wansa Daudu, 'yar guntuwar ja mai ƙofa a baya, irin waɗanda ake taɓa wa totur su zabura. Da aka yi rabon gado, dangi sun so a sayar da ita. Halliru ya sayar da shanunsa biyu na huɗa ya ba magada kuɗinta, don bai iya ganin wani baƙo a kujerar Yaya ba.

Abin da aka san motar da shi tun daga Kazaure har Babura shi ne wilinta. Ba baƙin ƙarfe ba ne irin na sauran motoci. Na alminiyam ne, fari fat, mai yatsu biyar. Daudu, wanda akawu ne a ofishin ƙaramar hukuma, kan tsuguna duk ranar Juma'a da safe ya goge su da toka da tsumma. Wanda duk ya tsaya kallo sai ya ce masa, "Na kamfani ne. Da su ta zo daga Turai."

Ana tsakiyar damina, Halliru na dawowa daga rabon taki ta hanyar Roni, ya faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Ya ji ƙara kamar an fasa tulu. Da ya sauka ya duba, wilin gaba na dama ya tsage tun daga baki har gindin yatsa guda. Ya ɗaura safaya, ya lallaɓa har garejin Manasseh a Kazaure.

Manasseh dattijon bakanike ne, mutumin kudancin Zariya, shi ke duba motar tun ranar da aka kawo ta. Ya juya wilin, ya bi tsagar da farce.

"Wannan ba ya walduwa, Malam Halliru. Ko an liƙa, ba zan bar ka ka hau ba."

"To yaya za a yi, Baba?"

"A kasuwar kayan mota a Kano za ka sami irinsa, bai fi naira talatin ba. Ko ka sa na ƙarfe gaba ɗaya. Shi in ya lanƙwashe, guduma ce maganinsa."

"Na kamfani fa?"

Manasseh ya goge hannu da tsumma. "Wannan sai ka tanadi ɗari da ashirin. Guda ɗaya."

Rabin albashin Halliru ke nan har da ɗoriya, ga 'ya'yan Daudu uku da ya ɗauki nauyinsu. Amma ya ce shi ba zai sa wa motar Yaya kayan kasuwa ba. Manasseh ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai kuma ya ce, "Allah ya kai ka lafiya."

Wata biyu Halliru yana tara kuɗi. Ya daina cin tsire ranar kasuwa, ya koma hawa keke zuwa ƙauyukan kusa. Bayan an yanke gero, ya sa tsagaggen wilin a buhu, ya shiga motar haya zuwa Kano, ya nemi shagon dillalan kamfanin.

Mai kula da sito, wani siriri mai tabarau, ya ɗora wilin a kan teburin shagon, ya kifa shi, ya duba ciki da tocila.

"Malam, wannan ba namu ba ne."

"Kamar yaya? Da shi ta zo."

"Namu akwai hatimi da lamba a nan." Ya shiga ciki ya ɗauko wani ya ajiye kusa da shi. "Ɗaga ka ji. Kuma samfurin motar da ka faɗa, wanda aka shigo da shi nan ƙasar, da wilin ƙarfe yake zuwa. Wani ne ya canza."

Halliru ya ɗaga. Na kamfanin ya fi sauƙin nauyi, yatsunsa ma ba iri ɗaya ba ne. In ya saya, ba zai dace da sauran ukun ba. Ya yi godiya, ya mai da nasa buhu, ya fito ya zauna a kan dakalin wani shago. Ya rasa abin da ke damunsa, haushi ne ko kunya. Wansa da bai taɓa kama shi da ƙarya ba.

Da ya sauka a Kazaure da la'asar, gareji ya nufa.

"Baba, ka sani?"

"Ni na raka shi kasuwar," in ji Manasseh. "Ni na ɗaura su. Ya ce kada in faɗa wa kowa, kuma bai dawo ya ce in faɗa ba."

"Sai ka bar ni na yi wata biyu ina wahala?"

"Na yi ta tunanin abin. Ka yafe ni."

Daga nan ya wuce gidan Rahamatu, matar marigayin, wadda ta koma wajen iyayenta bayan takaba. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa. Da ya gama ba ta labari, sai ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ya ɗauka kuka take, ashe dariya ce.

"Ai ran da ya kawo su, Malam, cewa ya yi da kuɗin na kamfani guda ɗaya ya sayo huɗun nan. Sati guda yana murna ya yi wayo. Da ya je ofis, wani abokin aikinsa ya tambaye shi a gaban mutane ko na kasuwa ne, sai bakinsa ya suɓuce ya ce na kamfani. Shi ke nan ya kasa janyewa. In ya dawo gida yakan ce, 'Rahamatu, yau ma na sake yin ta.'"

Halliru ya yi dariya har ya dafa ƙasa, daga baya kuma ya ji idonsa ya cika. Tun rasuwar, kowa Daudu mai kirki yake faɗa masa, Daudu mai zumunci. Yau ne aka fara ba shi labarin da ya ji kamar wansa na zaune a wurin.

Mako na gaba ya koma Kano, wannan karon Manasseh na gefensa. Suka zaga rumfa shida kafin su sami mai yatsu biyar, suka yi ciniki a naira ashirin da takwas. Farinsa ya ɗan fi na sauran haske. Manasseh ya ce a ɗaura shi a baya, damina ɗaya za ta daidaita su. Da sauran kuɗin, Halliru ya sayi ɗan maraƙi a kasuwar Babura, ya kai wa wani makiyayi kiwo da sunan yaran.