Tanar Roba Mai Ruwan Hoda

Shekara ashirin da shida ina tsaye bayan kanta a shagonmu na kayan kamun kifi da ke bakin tafkin Guntersville, amma ban san komai game da kifi ba. Haka mazan garinmu suka yanke hukunci, ba tare da sun tambaye ni ba. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Sannu da aiki, Madam Vernell, maigidan na nan?" Sai mijina Odell ya fito yana hura hanci, ya faɗa masa irin tanar robar da kifin bas ke haɗiya a makon. Ni ce ke jin hirar duk wanda ya dawo daga ruwa, ni ce kuma ke gaya wa Odell da safe muna shan kofi. Wannan babu wanda ya sani.

Bara, cikin watan Fabrairu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke sai kalma ɗaya ko biyu. Da aka sallame shi daga asibiti na rasa wanda zan bar wa shi a gida, sai nake turo shi a keken guragu in ajiye shi gefen kanta. Yini yake yi yana kallon takalminsa. Abokansa su shigo, su yi masa magana da ƙarfi kamar kunnen ne ya shanye, su fita da sauri.

Ana gobe gasar kamun kifi ta 'yan kwana-kwana, Hoyt Tillery ya shigo. Abokin Odell ne tun firamare, tsohon ma'aikacin gidan waya. Akwatin tanarsa hawa huɗu ne, kuma a shekara goma na gasar bai taɓa wuce na sha takwas ba. Ya tsaya gaban bangon da muke rataye tanar roba, da leda biyu na tana a hannu, ɗaya kore mai ɗigon ja, ɗaya kore mai ɗigon baƙi. Ya ɗaga su wajen haske. Ya shinshina. Ya ja wutsiyar ɗaya ya saki.

Bayan minti arba'in na ce, "Hoyt, aurensu za ka yi ne? In kira fasto?"

"Ba za ki gane ba. Wannan ilimi ne."

"An yi ruwa kwana uku, tafkin ya gurɓace. Ɗauki baƙa mai shuɗin wutsiya, mai tsawo, ka tafi gida."

Ya yi mini irin murmushin da ake yi wa jika idan ta kawo zane daga makaranta. Sai ya durƙusa gaban Odell, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Mutumina! Wacce? Nuna mini kawai!"

Odell ya ɗaga hannun hagu a hankali ya nuna can ƙuryar shago. Ni na san abin da yake nufi: fankar da ke can ce ke busa masa wuya, so yake a kashe. Amma ƙarƙashin fankar akwai leda tara na wata tana mai ruwan hoda, launin cingam ɗin yara, wadda dillali ya haɗo mana bisa kuskure shekara shida da suka wuce. Ko ɓarawo bai taɓa kallonta ba.

Hoyt ya miƙe, ya rage murya. "Kai, Odell! Ashe ita ka ɓoye mana duk shekarun nan?"

Ya kwashe duka taran. Na buɗe baki, sai na tuna ban san komai ba, na rufe. Na kashe fankar bayan ya fita.

Washegari Hoyt ya zo na uku, da kifi biyar masu nauyin laba sha tara. Kada a tambaye ni dalili. Wataƙila kifin sun gaji da kore, wataƙila dariya suka zo yi fatsa ta kama su. Wanda ya zo na ɗaya da baƙa mai shuɗin wutsiya ya kama nasa, amma babu wanda ya ga wannan abin magana ne.

Kafin Litinin labari ya gama gari. Na yi odar akwati goma na mai ruwan hoda, suka ƙare cikin mako. Manyan maza masu gemu, waɗanda ko rigar da ta yi kama da ta mata ba sa sawa, suna layi suna tambayarta ƙasa-ƙasa. Sannan suka fara zama kewaye da Odell suna gadin hannunsa. In ya sosa kunne, sai wani ya duba abin da ke rataye bayan kansa. Ranar da ya nuna ƙofar banɗaki, wani mutumin jihar Jojiya ya sayi ragar da ke jingine a wajen.

Wata Alhamis Hoyt ya dawo da mutum biyu daga cocinsu. Ya durƙusa kamar kullum.

"Ruwa ya washe, mutumina. Yanzu fa?"

Odell ya daɗe yana kallonsa. Ya juya kai ya bi bangon da ido, layi bayan layi, kamar likita na duba hoton ƙirji. Sai ya ɗaga yatsa ya nuna wata tana ruwan lemo mai ƙyalƙyali, wadda ta fi ta farko muni. Suka yi kanta su uku har suna ture juna.

Na dube shi. Kafaɗarsa ta hagu tana rawa, hawaye na bin kuncinsa. Na zagayo da gudu, na zaci ciwon ne ya dawo. Ashe dariya yake yi. Rabin bakinsa kawai ke yinta, amma dariya ce, ta farko cikin wata huɗu.

Na sunkuya na ce masa a kunne, "Tsohon banza. Da gangan ka yi."

Ya tattaro ƙarfinsa duka, ya ce, "Wa...waye."

"Wawaye ne, na sani. Yi shiru kada ka kashe mana kasuwa."

Mai ruwan lemon ba ta kama ko ganye ba. Hoyt ya ce laifinsa ne, bai iya jan ta yadda ya kamata ba, don haka dole malamin ya nuna masa da kansa. Na ce likita bai yarda ba. Ya je ya tambayi likitan, likita ya ce a sa masa rigar ceto a tafi da shi.

Ranar Asabar da safe maza huɗu suka ɗaga Odell suka sa shi a jirgin ruwan Hoyt, suka ɗaure shi da kujerar gaba. Na kawo musu burodin masara da shayi mai ƙanƙara. Hoyt ya buɗe akwatinsa hawa huɗu, ya tura gaban Odell cikin girmamawa. Odell bai ko kalli akwatin ba. Ni ya nuna.

Hoyt ya leƙa bayana, yana neman abin da ke rataye a wajen. Babu komai sai motarsa.

Na ciro tana ɗaya daga aljihu, kore mara ɗigo, na sa wa Odell ita a fatsa da hannuna, na ce su je wajen ciyawar da ke bayan tsohuwar gada. Da azahar suka dawo, hancin Odell ya ƙone da rana, wandonsa ya jiƙe sharkaf. Kifi biyu ya kama da hannun hagu, Hoyt na naɗe masa zare. Hoyt bai kama ko ɗaya ba, amma ya ce ya koyi abubuwa da yawa.