Ramin da Saiwa Ta Bari

Iskar da ta biyo ruwan asuba ba ta tsaya karya bishiyar bakin layi ba, tumɓuke ta ta yi. Bishiyar ta kwanta ta tare titi, kanta a kan katangar gidan tela, gindinta kuwa ya miƙe tsaye da saiwoyi da ƙasa, faifai guda wanda ya fi tsayin mutum biyu. Inda ta tashi ya zama rami, ruwa na ta ɓulɓula a ciki, don saiwa ta fizge bututun famfon layin.

Aka kira Dogo mai yankan itace. Shekararsa goma sha biyar a wannan aiki, kuma ko wayar lantarki ba ya tsoronta kamar bishiyar da ta faɗi da gindinta. Nauyin gangar jikin ne kaɗai ke riƙe da faifan saiwar a tsaye. Da an raba su, gindin zai koma raminsa kamar murfi a kan tukunya, abin da ke ciki kuwa sai dai labari. Shi ya sa yana isowa ya zagaya ya leƙa ramin. Ba kowa, sai ruwa da laka. Ya kori masu kallo gefe, ya cusa auduga a kunnuwa, ya ta da injin zarto.

Mutanen layi kuwa, ka san su, nan take kowa ya zama gwani. Tela na cewa a fara ta wajen katangarsa, direbobi na ta danna hon kamar hon ne zai ɗage bishiyar. Awa biyu Dogo yana sare rassa, gumi na shiga masa ido, kafin ya iso yankan ƙarshe kusa da gindi. Ƙa'idar aikin ita ce a sake leƙa ramin kafin wannan yankan, don daga inda mai yanka ke tsayawa faifan saiwar ya kare komai. Ya san haka sarai. Amma ya gaji, ana ta ɗaga masa hannu a buɗe hanya, zuciyarsa ta ce ai ya riga ya duba. Ya ɗora zarto.

Ya ci fiye da rabin kaurin itacen sai ya lura ruwan da ke malala ta ƙarƙashin takalminsa tun safe ya ɗauke. Ruwa ba ya tsayawa haka kawai. Ya ɗaga kai, ya hangi babur a jingine da katanga, an rataya masa jakar kayan gyaran famfo mai tsinkakkiyar igiya. Jakar wansa ce.

Ya kashe inji, ya zare audugar, sai ya ji abin da ƙarar zarto ta ɓoye masa. Itacen na kuka a hankali, ƙas, ƙas, bakin yankan yana buɗewa da kansa.

Bai san lokacin da ya zagaya ba. Ga Yaya can ƙasa, durƙushe cikin laka, saiwoyi na reto a saman kansa, yana naɗa roba a bakin bututu cikin natsuwa.

"Yaya, fito! Fito yanzu!"

"Kai ne ke wannan ihun? Bari in ɗaure, saura kaɗan," in ji Yaya, ko waiwayowa bai yi ba.

"Don girman Allah ka bar shi ka fito! Zai dawo!"

"Wa zai dawo? Ruwan mutane na zuba a banza kana min ihu. Tun kana yaro gaggawa ke cin ka."

Ƙasa ta fara zubowa daga saiwoyin, tana sauka a bayan Yaya. Wannan mutumin shi ya riƙe Dogo bayan rasuwar mahaifinsu, kuma Dogo bai taɓa ɗaga masa murya ba, balle hannu. Ya dira cikin ramin, ya cafki wuyan rigar wansa, ya ja shi a ƙasa kamar buhu, ya tunkuɗa shi sama, shi ma ya rarrafa ya bi bayansa.

Itacen ya tsage da ƙara ɗaya. Gindin ya dawo ya zauna, ƙasa ta girgiza, laka ta fantsama har tagogin tsallaken titi. Hon ɗin duk suka yi shiru.

Yaya ya miƙe yana huci, riga a yage. "Ni za ka ja a gaban mutane? Ni?" Ya juya zai nuna ramin, bai ga rami ba. Kututture ne tsaye a wurin, sabon yanka a kansa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zauna a kan titi daɓas.

"Wa ke yankan?" ya tambaya, muryarsa can ƙasa.

Dogo ya durƙusa a gabansa.

"Ni ne, Yaya."