Shuɗin Fenti a Kabarin Marin

Babu wanda ya girma a ƙauyen nan na Bulgeriya da ba a hannun Kaka Ginka ya koyi haruffan Kiril, wato rubutun ƙasar, ba. Yanzu an rufe makarantar, ɗaliban sun watse ƙasashen waje neman abinci, sun bar ta da kaji da ciwon gwiwa. Kewa tana cinta. Babbar damuwarta dai ita ce wa zai riƙa zuwa kabarinta. An riga an sassaƙa sunanta a dutse, gefen na marigayi mijinta Marin, ranar mutuwa kawai aka bari.

Ranar bikin haruffa, jikarta Desi ta zo daga Sifen, inda aka haife ta. Bakinta ras da Bulgariyanci, amma a waya da haruffan Sifen take rubuta shi, abin da Ginka ke kira tonon kaza. Da yake gwiwa ta hana tsohuwar hawa tudun maƙabarta, sai ta ba Desi furanni da ruwan inabi ta kai kabarin kakanta, kamar yadda al'adarsu take.

"Kin dai iya karanta sunansa ko, 'yar birni?"

"Haba Kaka, sai ka ce wata jaririya."

Desi ta dawo da jan ido, ta ce ta zuba masa inabin, ta daɗe tana ba shi labari. Washegari ta kama hanya.

Ginka ta lallaba ta hau tudun da sanda. Kabarin Marin fayau. Furannin suna can kan na Kolyo, maƙwabcin da Marin ya mutu ba sa ga maciji saboda wata bishiyar kan iyaka. Rana ta cinye hotunan mamatan da ke jikin duwatsun, sunaye kaɗai suka rage, yarinyar kuma kunya ta hana ta cewa ba ta iya karanta su ba.

Ginka ta yi dariya har ta koma kuka. Ba ta taɓa furannin ba, don shi ma Kolyo ba shi da mai zuwa.

Ta koma gida ta ɗauko ragowar fentin ƙofa. Ta shafe kan dutsensu da shuɗi, yadda ko daga bakin maƙabarta za a hango shi. Da yamma ta kira Desi a waya.

"'Yar nan, in na tafi, kada ki wahalar da kanki da karatu. Ki nemi mai shuɗin kai."