Fitilar da ke kan jakin Ramalan

Shekara ashirin da shida Ramalan ya yi yana shiga ramin ma'adinai a Akokan, kuma doka ɗaya ya fito da ita: ba a barin mai rai a cikin duhu. Da aka rufe ramin sai ya koma noman lambu, shi da tsohon jakinsa. Shef yake ce masa, wato shugaba, don ba ya motsi sai ya ga dama. Tun ranar da fitilar sola ta shigo gidan, a kan turken Shef aka rataye ta, tana ci daga magariba har asuba.

Bara jakin ya fara ramewa. Ya sha ruwa bokiti biyu, ya fitsarar, ya sake miƙo baki. Intala, likitan dabbobi, ya zo ya dudduba, ya ce ƙoda ce, tsufa ya cinye ta.

Ramalan ya kira 'yarsa Siddiƙa da ke karatu a Yamai. Cikin hira ta ce ta taɓa karanta cewa an gwada wani abu wai shi melatonin a kan tsofaffin ɓeraye, ƙodarsu ta ɗan yi dama. Ashe ya san sunan. Ƙwayar barci ce da wani likita ya ba shi zamanin aikin dare, ragowarta na nan cikin kwalba a akwati. Bai yi wata-wata ba, ya daka ta ya riƙa barbaɗawa a dusa.

Da Intala ya dawo ya ga kwalbar, sai da ya juya ta sau biyu.

"Malam Ramalan, wannan ai kwananta ya ƙare tuntuni. Kuma ɓera daban, jaki daban. Ban san wanda ya gwada a jaki ba." Ya ɗaga kai ya dubi turke. "Fitilar nan fa?"

"Don kada ya kwana a duhu."

"To ai jiki da kansa yake yin abin nan da kake daka masa, amma sai cikin duhu. Haske yana rage shi."

Ramalan ya ce, "Ni na kashe masa ƙoda ke nan?"

"Ban ce ba. Tsufa ne. Amma ka bar shi ya samu dare."

Da magariba ya tsaya gaban fitilar, hannunsa ya ƙi. Tsoro yake ji, dattijo da furfurarsa, tsoro irin na rami. Da ƙyar ya kashe, ya jawo tabarma ya zauna kusa da turke, don a rami in fitilar mutum ta mutu, ɗan'uwansa ba ya gusawa.

Haka ya yi kwana goma sha ɗaya. Ran na sha biyu Shef bai tashi ba. Maƙwabta suka taya shi kai gawar bayan gari, ya dawo ya wanke bokitin ya kife.

Da yamma matarsa ta ce ko a kai fitilar ƙofar ɗaki, tunda babu kowa a turke.

"Bar ta nan," ya ce. Ya ɗauki tabarmarsa ya nufi wajen turken.