Cokali Ɗaya na Iri

Tun daga ƙofar kicin Auta ta hango kwalbar yogot ɗin Baba a kife, an wanke ta tas.

Tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki haɗiya ta gagare shi. Ko ruwa ya kurɓa sai ya ƙware, ya yi ta tari har idanunsa su firfito. Abu ɗaya ke wucewa lafiya, yogot mai yauƙi da Auta ke haɗawa. Likita ta ce ƙwayoyin halittar da ke cikinsa ne ke saƙa sukarin madara ya zama zare-zare, shi ya sa yake sulalewa a dunƙule. Na kanti ba ya yi masa. Irin da take zubawa a madara ta kama kuwa, wurin tsohon maigidanta na wurin aiki ta samo, kafin ya rufe masana'anta ya bar gari.

"Gwaggo, ina abin cikin kwalbar nan?"

Gwaggo ƙanwar Baba ce, jiya ta zo dubiya, kuma akwai ta da karambani.

"Wannan ruɓaɓɓen? Ina ɗaga cokali yana bi na kamar majina! Shi kike ɗura wa yayana? Na zubar, na ɗauraye kwalbar da tafasasshen ruwa. Ga shayi can na kai masa."

Shayi! Auta ba ta san lokacin da ta kai ɗakin ba. Tsoro ya hana ta ko sallama.

Baba na jingine da filo, ya datse leɓɓansa gam, zufa na keto masa. Shayin na nan cike. Bai sha ba, alhamdu lillahi, amma rabonsa da abinci tun safe.

Ta durƙusa a gefensa, sai ta ga kofinsa na safe a ƙarƙashin gado. Saura yogot cokali ɗaya a gindinsa. In ta zuba shi a madara mai ɗumi, sai bayan awa takwas zai kama, in ma ya kama. In ta ba shi yanzu, gobe babu, jibi babu.

Baba ya ga kofin. Ya buɗe baki a hankali, yana jira.

"Yi haƙuri, Baba," ta ce.

Ta rufe kofin da tafin hannunta ta fita, bakinsa na nan a buɗe.